Tabkin Cadi: yini guda tsakanin tsibirai, shirinsa sai da lissafi

Daga Damagaram zuwa Gigimi tafiyar kilomita kusan 600 ce, kuma kowane direba ya san ta kamar tafin hannunsa. Amma daga inda mota ta tsaya zuwa tsibiran Tabkin Cadi, ruwa da iska da halin tsaro su ne ke yanke wa matafiyi yininsa. Ga abin da ya kamata ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya sani kafin ya sa ƙafa cikin jirgi.

Jama'a masu karatu, mutumin Damagaram ɗan tudu ne. Ya san raƙumi, ya san amalanke, ya san kamiyo, amma jirgin ruwa baƙonsa ne. Duk da haka hulɗarmu da tabkin gabas tsohuwa ce. A ƙarni na 19 sarakunan Damagaram suna aika gaisuwa Kukawa, fadar Shehun Barno, wadda ke kusa da gaɓar tabki. Kanwar ungurnu da kakanninmu suka yi fataucinta, a Kanem ake haƙo ta, Buduma su ƙetaro da ita cikin jiragensu kafin ta hau bayan jaki. Bandar kifi kuwa har gobe tana da masu ita a kasuwanninmu.

Saboda haka ba a rasa wanda tafiya za ta kama: mai sayen banda da ke son ya ga kaya tun a bakin murhu, malamin asibiti da aka tura rigakafi, jami'in dabbobi, ma'aikacin ruwa da daji. Galibinsu buri ɗaya gare su, su fita da safe, su taɓa tsibiri biyu ko uku, su kwana a kan tudu. Wannan yini guda shi ne abin da za mu tattauna. Tun da fari mu faɗa a fili: a halin da ake ciki tsibiran ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Maganarmu ta wanda larura ta kai ce.

Ina ruwa yake bana?

Wannan ita ce tambayar da ɗan tudu ke mantawa, domin a wurinsa gari yana nan inda ya bar shi bara. Tabkin Cadi kuwa tafiya yake yi. A shekarar 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 25, kuma Gigimi tana bakin ruwa. Da farin 1973 ya zo, wani tudu mai ciyayi ya ɓullo a tsakiya ya raba tabkin gida biyu, kwarin kudu da kwarin arewa. Rabon Nijar yana cikin kwarin arewa. Abin mamaki, a cikin waɗannan shekaru na 1970 ne hanyar Haɗin Kai, wadda aka shimfiɗa da taimakon ƙasar Kanada, ta isa Gigimi. Guduro ya iso, ruwa ya tafi. A wasu shekarun 1980 kwarin arewa ya bushe ƙurmus, mutane suka yi noman masara da wake a inda iyayensu suka jefa taru. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ruwa ya riƙa dawowa a kai a kai, sannan ambaliyar 2022 da ta 2024 suka cika wurare da dama da aka daɗe ba a ga ruwa ba.

Wannan ba sabon hali ba ne. Hafsan Faransa Tilho, wanda ya jagoranci aikin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, ya tarar da tabkin a janye, shi ne ma daga baya ya kasa halinsa gida uku: babba, matsakaici da ƙarami.

Dalilin wannan kai da komo yana can nesa da mu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan koguna da ke shiga tabkin daga Shari da Lagone yake fitowa, su kuma daga ruwan saman Afirka ta Tsakiya da Kamaru da kudancin Cadi suke sha. Komadugu Yobe, wadda ke raba mu da Najeriya ta kuma faɗa tabki kusa da Boso, rabonta kaɗan ne, musamman tun da aka datse mata ruwa a Tiga a 1974 da Calawa a 1992, can ƙasar Kano. Ke nan damina mai kyau a Mirya ko Gure ba ta ce kome game da tabki ba.

Akwai kuma jinkiri. Cikar Shari tana kai ƙololuwarta a Njamena tsakanin Oktoba da Nuwamba. Sai ta cika kwarin kudu tukuna, sannan ta tsallake tudun nan na tsakiya a hankali, ta cikin ciyayi. Shi ya sa a ɓangarenmu ruwa kan iso cikin sanyi, ya cika a farkon shekara, lokacin da tabkunan ƙauyukanmu suka fara ƙafewa. Daga bazara ya shiga ja da baya. Wanda ya ce zai shiga jirgi a watan Yuli don ya ga ana ruwan sama, yana iya tarar da laka inda ya zaci ruwa.

Amfanin wannan bayani ga mai shirin tafiya a fili yake. Kwatar da ake shiga jirgi tana matsawa da ruwa. Doro Lelewa, wadda ta yi suna a matsayin kasuwar kifi ta yankin Gigimi, tana da tazara daga gari, kuma a wata shekara sai an ƙara gaba kafin a ga jirgi. Wannan tafiya ta cikin rairayi, zuwa da dawowa, daga cikin yinin ake cire ta. A tambayi wanda ya fito daga ruwa cikin makon nan. Labarin wanda ya je bara tarihi ne.

Tsibiri yau, tudu gobe

Tsibiran tabkin, waɗanda masunta ke kira tumbu, kawunan tuddan rairayi ne da ruwa ya kewaye. Dogaye ne, sirara, a jere kusan duk fuska ɗaya, daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Saboda haka tsibiri biyu da ke kallon juna a taswira suna iya zama tafiyar sa'a guda, don sai an zagaya wutsiyar wani na uku. In ruwa ya ƙaru da kamu ɗaya, ƙananan su nutse. In ya ragu, biyu su haɗe su zama ɗaya, a taka da ƙafa. Manya irin su Gadira da Karamga da Bulatungur suna nan da sunayensu, amma hanyar zuwa gare su ba ta zama ɗaya shekara biyu a jere.

Baya ga wannan akwai kirta, wato dunƙulen ciyayi mai yawo a kan ruwa, wani ya kai faɗin gona. Iska na tura shi duk inda ta ga dama. Mashigin da aka bi da safe, ana iya dawowa da la'asar a tarar kirta ta toshe shi. Sannan ga dajin ƙaya. Lokacin da ƙasan tabki ya bushe, itacen nan mai ƙaya da Turawa ke kira furozofis, wanda aka shigo da shi don tsai da rairayi, ya mamaye wurin. Da ruwa ya dawo sai itatuwan suka mutu a tsaye, kututturansu na ƙarƙashin ruwa suna jiran cikin jirgi da farfelar inji. Ta cikin hanyoyin da aka sare ake ratsa shi, wasu ba su wuce faɗin jirgi ɗaya ba.

Shi ya sa taswira, ko ta takarda ko ta cikin salula, ba ta isa jagora a nan. Tana nuna inda tsibiri yake, ba ta nuna inda ruwa ya buɗe yau.

Jirgi da matuƙinsa

Masu tabki na asali su ne Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina. Su ne masu shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni, da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Jirginsu na gargajiya, kadai, da damman doguwar ciyawar ruwa ake ɗaure shi, kuma ƙwarewarsu ta kai duniya: a 1969, da Thor Heyerdahl ɗan ƙasar Norwe ya so ya gwada ƙetare tekun Atlantika da jirgin ciyawa, daga Tabkin Cadi ya ɗauko masu ɗaura masa shi. Tun kafin nan, a 1851, Bajamushen nan Overweg, abokin tafiyar Barth, ya ratsa Damagaram ya isa Kukawa, ya harhaɗa jirgin katako da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma daga bakin Bahar Rum, ya yi makonni yana zagaya tsibiran. Ya yi hakan ne da yardar mutanen ruwa. Abin da ya zama dole ga baƙon 1851 bai sauya ba, da ɗan gari akan ci gari.

Yau jirgin katako mai inji a baya shi ne motar tabki, ƙananan kuma da gora da filafili ake tuƙa su. Hanya biyu ke gaban matafiyi. Ko ya bi jirgin kasuwa, wanda ke da araha amma ranar kasuwa kaɗai yake tashi, sai ya cika, kuma ba ya jiran kowa. Ko ya yi shata. Wanda ke son ya taɓa tsibiri fiye da ɗaya ya dawo a yini, shata ce tasa.

A nemi matuƙi ta hannun wanda ake iya komawa gare shi: shugaban masu jirage na kwata, ko bulama, ko dillalin kifin da aka saba da shi. A zaɓi wanda ke da dangi a tsibiran da za a je, mai jin Barbarci ko yaren Buduma baya ga Hausa. Hausa tana ci a kasuwannin tabki, domin masunta da ƴan kasuwa Hausawa sun daɗe a can, amma wani labarin da harshen gida kaɗai ake ba da shi.

A yi ciniki tun jajibiri, gaban shaida. A fayyace tsibiran da za a je da sunayensu, wa zai sayi esansi, sa'a nawa jirgi zai jira a kowane wuri, wa zai biya kuɗin mashigi in an tarar da masu gyaran hanya. A ba da rabi, a riƙe rabi sai an dawo. A kuma faɗi irin kuɗin da ake magana a kai, domin a yankin tabki naira tana yawo tare da sefa, kuma jika ɗaya a bakin mai jirgi tana iya zama dabam da jika ɗaya a kunnen Badamagare.

Sannan a duba jirgin da ido. Ya kasance da gora da filafili ko da inji sabo ne, da buji na ajiya, da abin kwarfe ruwa, da yaron jirgi da zai tsaya a goshi yana duban kututture. Esansi kuwa a kasa shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na abin da ba a sani ba. Ga ɗan kasuwa kuma gargaɗi na musamman. Jirgin da ya tafi wayam zai dawo da kwalayen banda. In an loda har gefensa bai fi taƙi ɗaya sama da ruwa ba, a rage kaya. Tabkin ba shi da zurfi sosai, amma ruwan da ya shanye tsawon mutum ya isa, balle ga wanda bai iya iyo ba. Rigar ruwa, in an samu, a sa ta tun a kwata.

Lissafin yini

A watan Janairu rana na fitowa a Gigimi wajen ƙarfe 6 da rabi, ta faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma. Sa'a 11 da ƴan mintoci ke nan, kuma ba duka ne na tafiya ba.

Iskar hunturu ita ce mai rabo na farko. Daga arewa maso gabas take busowa, ta tashi da hantsi, ta yi ƙarfi har zuwa tsakar rana, sannan ta lafa bayan azahar. A kan ruwa marar zurfi tana tayar da gajerun igiyoyi masu bugun jirgi a kai a kai. Tsakanin tsibirai akwai mafaka, amma a sarari babu. Saboda haka in akwai buɗaɗɗen ruwa a hanya, a ƙetare shi da sassafe kafin iska ta farka, ko a bari sai ta kwanta. Ranar da aka tashi da hazo mai kauri, irin wanda ke tasowa daga kwarin Bodele, a ɗage tafiya, don matuƙi da bishiyoyi da kawunan tuddai yake gane hanya. Da damina kuma abin tsoro hadarin gabas ne, mai tasowa da yamma ba sallama.

Ka'ida ta biyu: a fara da tsibiri mafi nisa, a riƙa dawowa ana kusantar gida. In inji ya lalace ko lokaci ya ƙure, wanda za a bari shi ne na kusa, kuma kowace sa'a tana rage nisan da ya rage. Wanda ya fara da na kusa, la'asar za ta same shi a wuri mafi nisa da tudu.

Ka'ida ta uku: kada a yi haɗama. Sauka a tsibiri ba kamar tsayawa a tasha ba ne. Sai an je an gai da bulama, an faɗi abin da ya kawo mutum, an sha ruwan baƙunta. Kafin a buɗe akwatin allura ko a fara taya kifi, sa'a ta wuce. Wanda ya tsallake gaisuwa don ya ceci lokaci, ya yi asarar abin da ya fi lokaci, domin bulama ne zai gaya masa ko hanyar gaba lafiya. Tsibiri biyu aiki ne mai kyau. Uku sai in suna kusa da juna. Huɗu kuwa kwana ne, ko an shirya ko ba a shirya ba.

A yanke lokacin juyowa tun a kwata, a gaya wa matuƙi gaban kowa. Mafi sauƙi a ɗaura shi da salla: azahar a tsibiri na ƙarshe, la'asar a kan tudu. Abin da ya rage tsakanin la'asar da magariba ajiya ce ta ranar da farfela ta sarƙe da ciyawa. In ciniki ya yi daɗi har ana jin kamar a ƙara rabin sa'a, a tuna dorina da yamma take fitowa kiwo, sauro da magariba yake tashi, kuma jirgin da ke tafiya cikin duhu kowane mai bindiga abokin gaba yake ɗaukarsa.

Guzuri kaɗan ne, amma kada a raina shi. Ruwan tabki ba shi da gishiri ko da yake ba shi da mafita, sai dai daɗinsa a baki bai sa ya zama na sha ba. A tafi da bido na ruwa mai tsabta. A guji wanka da tsayawa cikin ruwan gaɓa, nan ake ɗaukar tsargiya. A riƙe rawani ko malafa, da rigar sanyi don safiya, da tocila, da gidan sauro ko da ba a yi niyyar kwana ba. Takardu da kuɗi a ƙulle su cikin leda. Goro da sukari da ganyen shayi na gaisuwa ba su da nauyi. Salula kuwa kada a dogara da ita, rezo yana ɗaukewa da an yi nisa da gaɓa. A bar wa wani a tudu sunan matuƙi, da jerin tsibirai, da lokacin da in ya wuce ba a dawo ba zai sanar da hukuma.

Ƙofar da ta fi kowace

Duk wannan lissafi yana bayan wata ƙofa. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar Difa, aka kuma yi ta sabunta ta. Ranar 25 ga Afrilu na wannan shekara aka kai hari tsibirin Karamga, inda hukuma ta ba da lissafin sojoji 46 da farar hula 28 da suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka umurci mazauna tsibirai su fito, mutane wajen dubu 25 suka nufo Gigimi da Boso, da yawa a ƙafa cikin zafin bazara. An hana kamun kifi da cinikinsa, an hana hawan babur, don toshe wa mayaƙa hanyar samun kuɗi. Sai a 2019 aka ɗage hanin kamun kifi.

Ɗage hani bai kori masu bindiga ba. Sun ci gaba da fakewa a cikin tsibirai da dajin ƙaya, suna karɓar haraji wurin masunta, suna sace mutane don kuɗin fansa. A watan Oktoba 2024 harin tsibirin Barkaram, a ɓangaren Cadi, ya ci sojoji kimanin 40. Ɗan kasuwa mai kuɗi a aljihu da ma'aikaci mai takardar gwamnati su ne irin waɗanda ake nema.

Saboda haka matakin farko a ofis yake. Ma'aikaci ya riƙe takardar tafiyar aiki, ya kai kansa wurin kantoma da magajin gari da jami'an tsaro, ya faɗi inda za shi. Ɗan kasuwa ya riƙe katin ɗan ƙasa, ya bi ta hannun ƙungiyar masu kifi, ya tambayi ka'idar ɗaukar esansi a bido, domin a yankin da ake yaƙi mai kaya ne da ake sa wa ido. In an ce wuri kaza a rufe yake, magana ta ƙare. In matuƙi da kansa ya fara kawo uzuri a kan wani tsibiri, kada a ƙara masa kuɗi don ya yarda. Ya san abin da ba zai faɗa a kwata ba. Sau da yawa shiri mafi kyau shi ne a tsaya a kasuwar gaɓa, kifi ya iso da kansa. Ribar da za a ƙara da shiga ruwa ba ta kai kuɗin fansa ba, balle rai.

Wanda kuma sha'awar jirgi kawai ke damunsa, yana da tabkin Gidimuni a kan hanyar Gure, da na Madarumfa a ƙasar Maraɗi, inda zai ga ruwa da tsuntsaye da masunta ya koma gida da kifinsa.

Sai dai mu tuna, a tsibiran nan akwai ƴan ƙasa da ke jiran allurar rigakafi, da malamin makaranta, da mai sayen kifinsu a farashin gaskiya. Hukumar Tabkin Cadi, wadda Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi suka kafa a 1964, an kafa ta ne don ruwan ya zama hanyar zumunci da arziki. Kowane ma'aikaci da ya je ya dawo lafiya yana sauƙaƙa wa na bayansa, kowane ganganci kuma yana rufe hanya ga mutane da yawa. Ba a fafa gora ranar tafiya. A tambayi ruwa, a tambayi iska, a tambayi hukuma, in ukun sun yarda a yi sammako. Allah ya kiyaye hanya, ya maido da zaman lafiya gabas.